Laifin Mai Aski, Horon Kasuwa Guda

Jama'a, jiya na wayi gari cikin masu zagin hukuma ban sani ba. Shekara talatin ina gyaran agogo a rumfa ɗaya, ko akuya ban taɓa zagi ba. Na je shagon kwamfuta na bakin kasuwa in sabunta takardar rumfata, don yanzu sai ta intanet, kuma duk wanda ya wuce Juma'a bai yi ba, a ba wani wurinsa. Mai shagon ta danna, ta sake dannawa, ta ce, "Baba, an toshe ku."

"Ni da wa?"

"Ku duka. Kasuwar nan layi ɗaya muke hawa. Su can ofis lamba ɗaya suke gani, kamar gidan haya mai ƙofa guda. Wani ya shiga shafinsu ya wanke su tas kan kwatar da ta cushe, sai suka garƙame ƙofar."

Ashe maƙwabcina ne, mai aski. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon mu muka jiƙe.

Na garzaya ofis, na sami Mai Girma Sarkin Kujera Mai Juyawa yana shan fanka. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ɗari uku aka rufe saboda ɗaya."

Ya ce, "Tun da muka rufe, ko ƙorafi ɗaya bai zo daga kasuwarku ba. Ka ga aiki ya yi kyau."

"To ga nawa."

"Ka rubuta a shafi, dattijo. Ba ma karɓar na baki."

Allah ya ƙara basira! A toshe wa mai tari baki, shi ke nan ya warke.

Na dawo na tarar da mai aski yana wanke almakashi yana fito. Na ce, "Kai ɗan nema, ka kashe mu!"

"Haba Baba, zauna mana."

Ya zaro waya. Ashe gogan yana da manhajar da ke ara masa lambar wata ƙasa, kullum sabuwa. Cikin minti biyar ya sabunta min takarda, ya kuma ƙara wa hukuma baƙaƙen maganganu biyu kafin ya fita.

Yanzu duk kasuwa a gabansa muke layi. Mutum ɗaya tak ke iya shiga shafin hukuma, kuma shi ne wanda ta kora.

Ni tausayina ga mutanen ƙasar da ya ari lambarsu yau. Bayin Allah, ko kwatarmu ba su taɓa gani ba, gobe su ma a toshe su.