Takardun Ƙanena da Muka Naɗe Nama da Su

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa ƙanena Habibu walimar zama farfesa ba, ko da na so in manta. Mutanen unguwarmu a Faskari ma ba za su bari ba. Har yau in na tsaya wajen mai tsire, sai wani ya ce a duba takardar da kyau kafin a naɗe mani.

Mu biyu ne maza a wajen Inna. Ina aji biyu na firamare Baba ya rasu, aka cire ni na kama fartanya a ƙauyenmu da ke bayan Sabuwa. Da Habibu ya isa shiga makaranta, ni na riƙe hannunsa na kai shi, ni kuma na koya mashi rubuta sunansa da tsinke a ƙasa. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa yayansa ya iya karatu. Gaskiyar magana kuwa, wani malami na roƙa ya rubuta mani sunan a kwalin sukari, na haddace siffarsa kamar yadda ake haddace shaidar da ke jikin saniya. Ban taɓa gyara mashi wannan zaton ba. Daɗi yake mani.

Na yi ta noma, shi kuma ya yi ta karatu har jami'a, har aka riƙe shi ya zama malami a can. Fanninsa tattalin arziki ne, ɓangaren da ke bin diddigin kuɗin gwamnati da siyasa. Wata rana a gona na ce ya yi mani bayani da Hausar mutane. Ya ce aikinsa shi ne ya gano abin da ya sa ake shimfiɗa kwalta a wani gari a bar hanyarmu da ramuka, alhali dukanmu muna biyan harajin kasuwa, da abin da ya sa motar gyaran hanya ba ta tunawa da mu sai zaɓe ya matso. Na ce mashi in dai wannan ne, ai ko jakina ya sani, bai kuma je jami'a ba. Ya yi dariya har ya zauna a kan kunya. A lokacin muna dariya tare.

Yana ƙasar waje wajen digirinsa na uku Inna ta rasu, da damina. Mu huɗu muka haƙa kabarin. Wanda ya san maƙabartar ƙauye ya san ba a rubuta suna. Ɗan fasasshen tulu ne ake kifawa, in damina biyu ta wuce kuwa ƙasa ta daidaita, sai wanda ya haƙa ne kawai zai nuna wurin. Habibu bai samu dawowa ba sai bayan wata takwas. Da ya shigo zaure, maimakon in rungume shi, sai na ce, "Sannu da zuwa. Ka tarar an naɗe tabarmi." Magana ce ta zafin rai, kafin sati na manta na faɗe ta. Shi dai ya sunkuyar da kai, ya kwana ɗaya, ya koma.

Bayan nan ne takardu suka fara zuwa. Na farko wani ƙaton kundi ne mai baƙin bango, direban motar kasuwa ya kawo. Daga nan duk binciken da ya wallafa sai ya aiko mani da nawa a ambulan. A saman shafin farko na kowanne akwai 'yan layuka da biro, rubutu a karkace kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Ni na ɗauka sa hannu ne irin na manyan ma'aikata. Bayan kwana biyu sai ya kira waya, ya tambaya ko saƙo ya iso, ko na duba shafin farko. Amsata ɗaya ce kullum: "Na gani. Ba laifi. Allah ya ƙara basira." Sai ya ce, "To, Yaya."

(Na san abin da mai karatu zai ce. Ina da ɗiya da ke sakandare a lokacin, da na miƙa mata ta karanta mani. To amma in ta karanta yau, gobe labari ya kai kunnen baffanta cewa yayan da ya koya mashi rubutu ko takardar asibiti sai an karanta mashi. Wannan ne ban iya ɗauka ba.)

Mai ɗakina Hajara tana sayar da ƙosai da ƙuli-ƙuli, ranar kasuwar Ƙanƙara kuma takan aika da kaya can. Ita ta fara tambayata ko kundin nan yana da wani amfani, tunda gara ta fara cin gefensa. Na ce ta ɗauka, ta shiga naɗe ƙosai da shafukansa. Daga nan sana'arta ta jingina da jami'a. Takan riga ni sanin ci gaban Habibu, in ambulan ya yawaita sai ta ce, "Malam, ƙaninka fa an kusa ƙara mashi girma." Ta fi son waɗanda aka buga a ƙasar waje, wai takardarsu ta fi kauri, mai ba ya ratsa ta. Shekara huɗu da suka wuce, da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye muka dawo Faskari, Hajara ta bar turminta da tukwanenta biyu, amma buhun takardun nan yana kanta.

Tsakanina da Habibu kuwa abu ya yi ta sanyi. Yakan zo da Sallah, ya gaishe ni a durƙushe, ya yi duk abin da ƙane ke yi, amma ba ya kwana. 'Ya'yansa suna gaishe ni kamar baƙon da aka ce su gaisar. Na ce a raina boko ya ɗauke shi, ya zama babban mutum. Na yi haƙuri, har ina yaba wa kaina irin haƙurin da nake yi da shi.

Da na rasa gona na koma gadin wani sito na hatsi, sai lokaci ya yi mani yawa, na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar. Ban bari labari ya kai wajensa ba. Wata uku na yi a ajin aka ce ya zama farfesa. A lokacin ina iya haɗa manyan baƙaƙen da ke allon shago in an ba ni lokaci, amma rubutun hannu ko kusa.

Walimar a ƙofar gidan da muke haya aka yi, ran Asabar bayan azahar. Mutanen ƙauyenmu da ke warwatse a Faskari da Mairuwa da Ƙanƙara suka haɗu, aka kafa rumfa, aka yanka rago. Motoci uku suka zo daga jami'a. A cikin baƙin akwai wani dattijon farfesa mai farin gemu da son raha, wanda ya koyar da Habibu tun yana ɗalibi. Da aka ba shi lasifika ya ce duk sashensu an san ni, don Habibu ba ya fitar da rubutu sai ya ware kwafin yayansa, kuma yakan ce ni ne malaminsa na farko. Ya juyo ya tambaye ni yadda nake ganin ayyukan ɗalibina. Na gyara zaman babbar riga, na ɗan yi tari irin na masu ilimi, na ce ba laifi. Aka tafa mani. Na ga Habibu ya kalli ƙasa, na ɗauka kunyar yabo ce.

Da aka zo rabon soyayyen nama na tsaraba, leda ta ƙare. Hajara ba ta shawarci kowa ba, ta jawo ragowar buhunta.

Dattijon nan bai jira ya kai mota ba. Ya kwance nasa ƙunshin, ya jefa tsoka a baki, sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar sama inda mai ya sa haske ke ratsa ta. Ya ce, "Habibu, wannan ba bincikenka ba ne na harajin kasuwannin ƙauye?" Nan take kowane malami ya kwance nasa. Wannan ya ce shi babi na uku ya samu, wancan ya ce nasa jerin sunayen littattafai ne, shi ya sa namansa ya fi ƙashi. Wani ya ce yau dai bincike ya isa hannun talakawa. Rumfa ta ɗauki dariya. Ni ma na yi ta yaƙe, ina cewa a raina in dai a nan abin ya tsaya, na tsira da sauƙi.

Sai dattijon ya juya takarda ta biyu da ke ƙasan naman, ya ce ga ma rubutun hannu. Lasifikar na kusa da bakinsa, cikin raha ya fara karantawa:

"Yaya, na sake roƙonka. Ban san inda kabarin Inna yake ba, kai kaɗai ka rage da ka sani. In ka yafe mani, ka ce in zo ka kai ni..."

A nan ya tsaya. Ya naɗe takardar a hankali, ya ajiye ta a kan tebur, ya cire tabaransa. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a wurin da mutum ya fi ɗari. Daga cikin gida ana jin ƙarar cokali a kasko. Liman ne ya cece mu, ya ɗaga hannu ya shafa fatiha tun lokacinta bai yi ba. Kafin rabin awa motoci sun tashi, da yawa sun bar namansu a kan kujeru.

Muka rage ni da Habibu a zaure, takardar mai maiƙo a tsakaninmu. Shi ya fara magana.

"Shekara goma sha ɗaya, Yaya. Da a'a ka ce mani, da ta fi mani sauƙi a kan 'ba laifi'."

Na ce, "Ban iya karatu ba, Habibu."

Ya kalle ni kamar da wani yare na yi. Ya ce ai ni na koya mashi rubutu. Na ce sunansa kaɗai na iya, shi ma zanensa na haddace. Na ba shi labarin kwalin sukari, da ajin da nake zuwa a ɓoye. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, sai a lokacin na lura furfura ta cinye kansa. Na tambaye shi mi ya hana shi faɗa mani da baki, ga waya, ga Sallah. Ya ce tun ranar maganar tabarmi yake tsoron bakina; ya ga takarda ta fi, in na ƙi, aƙalla ba a gabansa zan ƙi ba. Mutumin da ke tsayawa gaban manya ya faɗa masu inda suka karkatar da kuɗin hanya, shi ne ya kasa tambayar yayansa hanyar maƙabarta.

Babu wanda ya faɗi abin da ke ranmu, amma dukanmu mun lissafa shi. Shekara bakwai cikin goma sha ɗayan nan muna ƙauye, hanya a buɗe, daga zaurena zuwa kabarin Inna bai fi tafiyar shan ruwa ba. Yau ko da rana tsaka ba mai shiga garin. Cikin waɗanda muka haƙa tare, biyu sun rasu, ɗaya ba a san inda ya yi ba. Hajara tana bayan labule tana kuka, tana cewa masu biron nan su take fara cirewa, don su ne a sama.

Da ta zazzage buhun, shafi uku masu rubutun hannu suka rage, da wanda ya sha mai. Sauran sun bi ƙosai da ƙuli zuwa gidajen mutane. Ban ba kowa ya karanta mani su ba, ko malaminmu na aji. Kusan wata biyu na yi a kansu (rubutun farfesoshi bai fi na likitoci kyau ba). Duk magana ɗaya ce, sai dai kowace shekara tana ƙara gajarta. Na ƙarshen layi ɗaya ne: "Yaya, ina jira."

Abu na farko da na rubuta da hannuna, ban da aikin aji, kwatance ne. Na ce in ka shiga maƙabarta ta ƙofar yamma ka nemi bishiyar kanya, ka juya mata baya ka fuskanci gabas, taku goma sha huɗu irin nawa, akwai baƙin dutse da na binne rabinsa a wajen kai. A ƙasa na sa cewa ban taɓa riƙe shi da komai ba. Na kai mashi da kaina har gida, karo na farko da na kwana a wurinsa. Ya karanta a tsaye, bai gyara mani kuskure ko ɗaya ba, duk da na san suna nan birjik. Ya auna takuna da nasa a tsakar gida, ya rubuta sha biyar a gefe, don ƙafarsa ba ta kai tawa ba. Mun ce in hanya ta buɗe za mu je tare. In ban kai lokacin ba, yana da takarda. Ko kanyar na nan tsaye, wannan ban sani ba.

Yanzu duk takardar da ta shigo gidana sai na karanta ta kafin Hajara ta gan ta, ko da ta maganin sauro ce. Ta koma sayen tsofaffin jaridu, tana mitar ba su da kauri. Ni kuwa na koyi cewa "ban iya ba" tun kafin a gama tambayata. Kalma uku ce, ba ta kai numfashi ɗaya ba. Na ƙi faɗarta sau ɗaya a waya, sai da na faɗe ta bayan an ji asirina ta lasifika.