Bature Mai Awon Wuya

"Ni da kake gani, Alhaji, shekara huɗu na yi a asibiti a Funtuwa. Wuyan mutum kallo ɗaya nake masa!"

Haka Bature ya bugi ƙirji gaban Alhaji Maitama, dillalin auduga na Ƙarfi. Shekara huɗun gaskiya ne, jama'a, amma da tsintsiya ya yi su. Ta taga ya taɓa hango likita yana juya kan mara lafiya.

Alhaji kuwa 'yan dako yake nema masu lafiyar wuya, don buhun auduga ba wasa ba ne. Ya ce, "Ware mini masu ciwo. In ka iya, kai ne likitanmu duk kakar bana."

Gogan ya aro tef ɗin tela, ya jera ƙarti a kasuwar auduga. Ya fara da Ɗanasabe, ƙato mai wuya kamar turmi.

"Juya hagu." Ya juya, Bature ya auna daga haɓa zuwa kafaɗa. "Juya dama."

Ɗanasabe ya sunkuyar da kai, ya ƙi motsi.

"Kun gani? Wuyan nan ya gama aiki!"

Wani ya ce, "Haba likitan tsintsiya! Surukinsa ne tsaye a daman, ta ina zai kalle shi?"

Aka kwashe da dariya. Bature ya share gumi ya kira Aƙilu, wanda kowa ya san kwana uku ke nan matarsa na gasa masa wuya da ruwan zafi. Aƙilu ya ga aiki zai kuɓuce masa, sai ya cije, ya juya har da kafaɗu da ƙugu.

"Lafiyayye! Lamba ɗaya!"

Alhaji ya fara haɗe gira. Bature ya ce, "Ƙauyawan nan ne ba su iya juyi ba. Ku kalli yadda ake yi a asibiti!"

Ya fizgi kansa dama da ƙarfin tsiya. Ƙas! Wallahi har ni na ji masa. Haɓa ta sauka kan kafaɗa ta ƙi dawowa, ƙirji na kallon gabas, fuska na kallon hanyar Malumfashi.

"Wayyo! Ku kama ni! A'a, kada ku taɓa!"

Alhaji ya zagaya ta bayansa don su haɗa ido, ya ce, "To Malam Bature, likitanci dai babu. Amma ina neman mai gadi. Kai kam ba ɓarawon da zai biyo ta bayanka."