Yadda Za Ka Shugabanci Watandar Kirsimeti Har A Sake Zaɓenka

Ɗan'uwa, idan magidantan layinku sun zaɓe ka shugaban watanda, wato kai za ka sayo saniyar da aka haɗa hannu, ka tsaya a yanka, ka raba naman kashi-kashi, kada hankalinka ya tashi. Bi matakan nan. Na ba ka tabbacin za a sake zaɓenka baɗi, ko kana so ko ba ka so. Ni a layinmu na bayan tashar jirgi, nan Kafanchan, aka zaɓe ni bara, shekarar da naira ta fito, kuma ga ni har yau a kujera.

1. Hangen nesa

Ƙaramin shugaba ke jiran jajibere. Kai tafi ruga tun Nuwamba. Zaɓi wadda ta fi kowacce girman ciki, domin nan kitse yake taruwa. Idan Abdu mai shanun ya buɗe baki zai yi maka wani bayani, ɗaga masa hannu. Shugaba ba ya ɗaukar darasi wurin mai sayarwa.

2. Riƙon amana

Dukiyar jama'a ce, saboda haka ɗaure ta a gidanka, gindin mangwaro. Za ta tauna zanin zumuntar mata da matarka ta shanya. Wannan ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne autarka. Tawa, Martina, kwana biyu kawai ta sa wa saniyar suna Lucia, ta fara raba ƙosanta da ita. A addu'ar safe sai na ji ta ce, "Ubangiji ka tsare Baba da Mama da Lucia, ka kai mu sabuwar shekara dukanmu."

Ka ce amin. Uban da ya ƙi cewa amin a gaban 'ya'yansa, me zai shugabanta?

3. Alkawari

Wata rana yarinyar za ta tambaye ka abin da ya sa maƙwabcinku Azubuike, ma'aikacin reluwe, yake wasa wuƙa yana kallon Lucia. Ce mata aski zai yi. Za ta riƙe babban yatsanka ta ce ka yi alkawari ba mai taɓa Lucia. Yi mata. Na san ka riga ka yi wa layi duka alkawarin nama. Shugaba na gari ba ya barin wani ɓangare ba alkawari.

Daga ranar abinci zai daina wuce maka wuya. Nauyin mulki ne.

4. Sauraron jama'a

Ranar jajibere kira taro, ka tambaya wa zai ɗauki kan saniyar. Baba Rufus, dattijon majami'a, zai ce kai na dattawa ne tun kaka da kakanni. Azubuike zai ce a garinsu wanda ya wasa wuƙa shi ke da kai. Ba kowa dama ya yi magana, har wanda ya shigo neman aron garma. Idan ka ga sun kusa daidaitawa, tuna musu ba a yi zancen hanta ba. Kafa kwamiti. Rana za ta faɗi saniya tana nan tsaye.

Kada ka leƙa taga. Yarinyar tana can tana ɗaura wa Lucia ribon ɗin Kirsimetinta a ƙaho.

5. Jarumta

Da safe dabara za ta ƙare, Zamani mahauci zai iso da igiya. Shugaba yana tsayawa inda zai ga kowa. Ni bayan rumbu na tsaya, ina jin kukan Martina daga ɗaki. Zamani ya durƙusa, ya shafa cikin saniyar, sannan ya miƙe.

"Shugaba, wannan kitsen naka yana motsi."

Azubuike ya cire hula ya ce shi ba zai ci mai ciki ranar haihuwar Almasihu ba. Baba Rufus ya ce shi ma haka, karo na farko da suka yarda da juna. A nan sai ka fito daga bayan rumbu a hankali, ka gyara murya, ka ce ai da saninka ka zaɓo ta, domin layi ya samu biyu a madadin ɗaya.

6. Haƙuri

Layi zai yi Kirsimeti da shinkafa da busasshen kifi. Mata za su daina amsa gaisuwarka har Janairu. A taron sabuwar shekara Baba Rufus zai kawo shawara cewa, tunda kai ne mai hangen nesa, ka ci gaba da shugabanci da yankan ciyawa har ranar da za a ci naman. Duk hannuwa za su tashi sama. Ban faɗa maka ba?

Gargaɗi

Zanin da aka tauna, gaisuwar da aka hana ka, da ciwon bayan yankan ciyawa, duk naka ne, ba ruwana. Kada kuma ka zo ƙofata neman mataki na bakwai, ni ma nemansa nake yi. Lucia ta haifi namiji. Baba Rufus yakan biyo bayan sujada ya taɓa cinyar ɗan maraƙin ya ce, "Disamba." Martina kuwa ta riga ta sa shi cikin addu'ar safe, kuma na riga na ce amin.