Kukan da Aka Yaba Mini a Makokin Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yabe ni saboda kuka ba, ko da yake na so ƙwarai in manta. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in abin ya faɗo mini sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni malamin lakol ne, makarantar boko ke nan, a Gazawa, kuma duk wanda ya san ni ya san cutata, wato siyasar duniya. Rediyo a kunne tun safe, waya a hannu har a gaban akushin tuwo. In aka yi juyin mulki a wata ƙasa, ni ne farkon wanda abinci zai fita ransa. In yaƙi ya ɓarke a inda ban taɓa takawa ba, sai in tsuguna ina zana wa 'yan fadarmu, wato majalisar hirarmu, taswira a ƙasa da tsinke, shayi yana hucewa. Ra'ayina kuwa ba ɓoyayye ba ne: a bar kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, a bar talaka ya zaɓi wanda yake so, wanda wa'adinsa ya cika kuma ya sauka salin-alin. Har gobe ina kan wannan. (Matata takan ce da damuwa da ƙasashen mutane ibada ce, da tuni na zama waliyyi.)

A cikin manyan duniya akwai wani tsohon shugaba na wata ƙasa mai nisa da nake ƙauna kamar mahaifina. Bai san da zamana a doron ƙasa ba. Abin da ya saye ni shi ne, lokacin da magoya bayansa suke roƙonsa ya zarce, sai ya tattara ya koma gida, kuma duk zamansa kan mulki bai ɗaure mutum don ya zage shi ba. Duk sanda gardama ta yi zafi a fada, sunansa nake jefawa in rufe bakin kowa.

Sai kuma Inna Hajo. Lokacin da na ci jarrabawar shiga kwaleji, aka tura ni Agiye, domin ƙauyenmu na wajen Gangara ba shi da ita. Yaron ƙauye kuwa sai an samo masa gidan da za a riƙe shi a gari. Babana bai san kowa ba sai wata mai daddawa da yake saye a wurinta ranar kasuwa. Ita ce Inna Hajo. Ba dangin iya, ba na baba, ta ce a kawo ni. Duk shekarun kwaleji ɗaki ɗaya muka kwana da ɗanta Lawali, akushi ɗaya muka sa hannu. Na tuna 'yan ajinmu suna tsokanata wai ina warin daddawa. Ban faɗa mata ba, amma ta ji, sai ta riƙa turara mini rigar lakol da turaren wuta kafin in fita.

Da ta kwanta ciwon ajali, Lawali ya kira ni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amsata ɗaya ce kullum: "Ina nan tafe ƙarshen mako." Tsakanin Gazawa da Agiye kuwa ba wata tafiya ba ce, kwalta ce miƙaƙƙiya, ga babur ɗina a ƙofar gida. Amma ƙarshen mako ba ya zuwa sai da wani zaɓe da ake ƙirga ƙuri'unsa a wata ƙasa, ko wani taron sulhu da nake jin in na ɗauke kunne zai rushe. Ana nan, ran nan ina cikin aji Lawali ya kira, ya ce Inna ta cika. Kafin in sallami yara in iso, har an kai ta makwancinta.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, maza sun zazzauna. Na durƙusa na yi gaisuwa, aka shafa fatiha, na samu gefen Lawali na zauna. Zan faɗi gaskiya, idona a bushe yake ƙamas. Ba don ba na son ta ba, abin ne bai gama shiga jikina ba. Zaman makoki kuma kun san shi: shiru, jan carbi, sai in wani ya zo a ɗaga hannu a yi addu'a, a sake yin shiru. Ni kuwa shiru ne abin da ban iya ba. Ban san sanda hannuna ya lalubi aljihu ba. Na ɓoye wayar a cikin hannun riga, na leƙa.

Labarin farko da na gani, tsohon shugaban nan ya rasu.

Ban tsaya tunani ba, na ɗauki hotonsa na sa a sitatus, na rubuta a ƙasa, "Yau na zama maraya." Ina mayar da wayar aljihu sai hawaye. Ba ɗan digo ba, kuka sosai, har kafaɗuna suna rawa. Namiji da gemunsa, a tsakiyar maza.

Wani ya fara cewa in yi haƙuri, addu'a take buƙata. Sai Kawu Nomau, ƙanen Inna da ya zo daga Gidan Sori, ya ɗaga hannu.

"Ku bar shi ya yi," in ji shi. "Wanga yaro ɗan halak na. Riƙon da ta yi mai ya tuna."

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce a zamanin nan irin wannan sai an tona. Lawali ya kama hannuna ya riƙe gam. Shi da aka binne uwarsa da safe, shi ne yake ce mini, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, ta yafe mana duka." A nan ya kamata in buɗe baki, ko aƙalla in share fuska in natsu. Ban yi ba. (Tun da na ce zan faɗa, bari in faɗa duka: yabon ya yi mini daɗi. Na ji kamar an biya mini bashin zuwan da ban yi ba.)

Kawu ya miƙe ya ce in taso mu shiga ciki, 'yan'uwana mata su gan ni. Muka tarar da tsakar gida cike. Yaya Rakiya, babbar 'yar Inna, tana ganin idanuna jawur sai nata suka kawo ruwa.

"Mushe," ta ce, don haka ake kiranmu mu malaman lakol, "ai ta yi ta cigiyarka."

Kawu ya ba su labarin kukan da na yi a waje, mata suka shiga sa mini albarka. Ana cikin haka Yaya Rakiya ta duba wayarta, ta ce, "Allah sarki, ga shi har ya sa Inna a sitatus." A cikin gidan rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, rubutun ya fito amma hoton bai buɗe ba, yana ta juyawa. Ta karanta da ƙarfi, "Yau na zama maraya." Sannan ta ɗaga wayar sama don kowa ya ga fuskar Inna. Mata suka matso, tsofaffi suna miƙa wuya. Ni kuwa ina durƙushe, ina roƙon Allah a zuciya ya ɗauke rezon nan gaba ɗaya.

Hoton ya buɗe. Wani tsoho mai farin gashi, cikin kwat, yana murmushi.

Kawu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya sake matso da ita.

"Wanga wa na? Dangin babanka na?"

"A'a, Kawu. Shugaban wata ƙasa ne. Yau ya rasu."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. "Shi kake ma kuka?"

Na sunkuyar da kai. Kawu ya miƙa wa Yaya Rakiya wayarta a hankali, ya ce, "To. Allah ya ba mutanensa haƙuri." Wallahi da ya zage ni tas, da ya fi mini sauƙi.

Da na juya zan fita, sai ga Lawali tsaye a bakin zaure. Ya ji komai. Ya rako ni har wurin babur. Na ce, "Lawali, wallahi..." Ya tare ni.

"Bari, Mushe. Ido naka ne, ka yi kuka ma wanda kake so. Abin da nike so ka sani ɗai, duk babur ɗin da ya tsaya ƙofar gidan nan tun da ta kwanta, sai ta ce a leƙa ko kai ne."

Ya juya ya koma kan tabarma wurin baƙinsa.

Na kama hanyar Gazawa. Ban yi nisa ba na ji ba na ganin kwalta sosai, na sauka gefen wata gonar hatsi na kashe babur. A nan ne mutuwar Inna ta same ni. Na gan ta a kwance tana kasa kunne, babur ya tsaya, a leƙa, a dawo a ce mata ba shi ba ne. Na yi kukan da ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma wannan karon babu dattijon da zai yaba. Wani mai amalanke ne kawai ya ja linzamin jakinsa, ya ce, "Malam, lahiya? Babur ɗin ne ya lalace?"

Na ce, "Uwata ce ta rasu."

Ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, muka shafa tare, ya wuce.

Na koma ranar addu'ar uku, na zauna a ƙarshen tabarma, waya a gida. Ba wanda ya tada maganar, kuma wannan ma horo ne. Lawali ɗan Inna ne, bai yanke zumunci ba, amma an daɗe kafin ya sake yin dariya da ni kamar da.

Ban daina sauraron labarai ba, ban kuma canza ra'ayi a kan tsohon nan ba, mutumin kirki ne. Sai dai shi duniya guda ta yi masa kuka, ba ya buƙatar nawa. Yanzu in aka ce wani nawa ba shi da lafiya, kashe rediyo nake in tada babur. Na lura duk sanda na yi haka, duniya ba ta taɓa aikowa a leƙa ko ina nan ba.