Dambun Nama a Jirgi Marar Inji

Ranar Asabar ta bayan Ista, da ƙarfe goma sha ɗaya daidai, na shiga jirgin sama marar inji tare da Yohanna, mijin 'yata. Shekara biyu ya yi yana shirin wannan tafiya: daga wani ƙaramin fili kusa da Greensboro a Amurka zuwa duwatsun Virginia da dawowa, awa biyar a kan iska kawai.

Ya ba ni shawarar in riƙe ayaba. Na dube shi yadda nake duban ɗalibin da ya shigo aji babu alƙalami. Ni da na auna batun a rubuce, dambun nama na zaɓa: ba nauyi, ba ƙashi, ba ya lalacewa. Har na tsaya a kan matata sai da ta ƙara yaji.

Bayan awa guda na shimfiɗa hankici a cinya, na yi addu'a, na buɗe kwano. Abu ɗaya ne bai shiga lissafina ba: 'yar tagar shan iska da ke buɗe a gefena. Dambun ya tashi gaba ɗaya, ya nufi kujerar baya inda Yohanna yake tuƙi.

Yana atishawa, ya ce, "Baba, don Allah a rufe!"

Na ce, "A rufe me? Yi magana cikakkiya."

Kafin idonsa ya washe, iskar da ke ɗaga mu ta kuɓuce masa. Ya shiga neman wurin sauka.

Har yau in ana rabon abinci a coci, matan zumunta sai su ce, "A rufe taga, Malam zai ci."

Ran nan dai, a cikin shanun wani manomi muka sauka. Tirela ce ta mayar da jirgin gida.