Bakin Kaka a Buɗe, Shago a Rufe

Duk unguwar ta san kayen da Attahir ya sha a hannun kakarsa bara. Kaka Kadidiya ta tsufa tana sayar da cuku da yaji a Tawa. Shi kuwa ya dawo daga karatu a Yamai da kwamfuta a hammata, ya ce zai buɗe mata shago a intanet, don 'yan Adar da ke ci-rani a Abijan su riƙa saye daga wayarsu, a aika musu a mota ko a kai wa iyalansu ƙauye. Ta yarda, amma da sharaɗi: duk wanda ya buɗe shafin, sai ta fara gaishe shi kafin ya ga kaya. Ya ce bidiyo nauyi gare shi, zai hana shafin buɗewa. Ta ce, "Mutum shi shigo shagona, ba ina kwana ba ina gajiya, in miƙa mishi cuku awa mai jefa ma kaji tsaba? In ba gaisuwa, ba cuku. Sai ka sayar musu da gilashin idonka." Ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Daga ƙarshe shi ya riƙe wayar da hannunsa, ita ta sha lalle da sarƙa, aka sa kalangu a baya, ta gaida duniya: gida, yara, bisashe, ruwa, har da baƙin da ba su iso ba.

Yanzu ga babbar salla ta matso, lokacin ciniki, shagon kuwa shiru. Mutane su shigo, su gaji da jira, su fita. Attahir ya san in sallar nan ta wuce a haka, sai dai a rufe. Ya kuma san bai isa ya taɓa bidiyon ba, don ta rantse ran da ya cire ta za ta kwashe kayanta ta koma rumfarta ta kasuwa. Da wannan damuwa ya shigo gidan da hantsi, ya tarar da ita a tsakar gida ta cika ta yi fam. Ga kaza ɗaure a gindin turmi, ga sabuwar sanda jingine da bango.

"...ina gajiya, amarya?"

"Gajiya ta yi sallama yanzu, ga ta tsaye da gilashi."

"Madalla, baki dai ya kwana lafiya. Wannan kaza fa? Wani ya riga ni kawo toshi?"

"Toshi? Dubiya ce! Ni Kadidiya anka zo ma dubiya! Tun da sassahe Ciɗo ƙanen kakanka ya zaka daga Bambeye bisa kabu-kabu, shina sharɓar hawaye. Wai ɗanshi na Abijan ya kira shi, ya ce ɓarin jikina ya shanye, bakina ya karkace. Ya kawo kaza, ya kawo sanda. Sanda! Ni da na yi rawa bikin uwarka har makaɗa sunka roƙi a bar su su sha ruwa."

"Allah sarki. Ni dai na daɗe ina ganin alamu, kunya ta hana ni faɗi."

"Alamun mi, ɗan nema?"

"Shekaranjiya kin ba ni tuwo ba ki yi mini gori ba. Na ce lallai jikin ne."

"Zo nan in gwada sandar ga bisa kanka, mu ga ko hannun ya shanye. Ni dai in na kama wanda ya ƙaga mini wanga ciwo, sai ya sha yaji da hanci."

Attahir ya dubi kazar, ya dubi sandar. Wani abu ya faɗo masa a rai, sai ga murmushi yana neman ƙwace masa. Shekara guda yana neman ƙofa, ashe yau za a kawo masa ita har gida, da kaza.

"Kaka, ɗan Ciɗo a ina ya gan ki?"

"Ina zai gan ni? Rabonshi da Tawa tun auren ƙanwarshi."

"To taso. Na san mai ƙagen. Mu je bayan garken awaki."

"Can ya ɓoye?"

"Can rezo, wato sabis ɗin waya, ke da rowa irin ta ƙauye. Ke kullum a kwamfutata kike kallon kanki, inda komai ke gudu. Yau zo ki ga abin da mutane ke gani."

Ta tashi tana mita, ta ƙi ko kallon sandar. A bayan garke ya ciro waya ya buɗe shagon. Fari fat. Suka jira. Akuya ta leƙo ta koma. Can sai ga ƙullin ɗankwali ya fito, sai goshi, sai kalangu ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Sannan Kaka Kadidiya ta bayyana, ta ɗauko gaisuwa, ta kai tsakiyar "lahiya", ta tsaya cak. Baki a wangame ya zame gefe, ido ɗaya a rufe, wani ɗan zobe kuma yana ta juyawa a kan hancinta.

"Wace ce wagga?"

"Matata ce."

"Ƙarya kake! Wagga ko cikin rijiya anka gan ta sai a bar ruwan."

"Haka 'yan Affala ke ganin ki. Haka 'yan Bambeye. Haka duk ɗan ci-ranin da ke ƙarshen forfe ɗinsa, datar wayarsa na shirin ƙarewa. Tun bara bakin nan yake buɗe, Kaka."

"Rufe shi!"

"Ba zai rufu ba, sai rezo ya dawo."

"Ƙuda na shiga! Wayyo ni Kadidiya! Kuma cukun hwa? Ina cukun?"

"Yana bayanki, yana jiran ki gama gaisuwa."

Ta dafe bangon garke. Ba don jiri ba, in ji ta, don dai bangon ya saba da ita. Sai kuma ta juyo masa da ido biyu a buɗe tar.

"Kai ka yi shi. Kishi ne. Ka ga na yi kyau, ka ji tsoron alhazan Abijan su ƙwace ni, ka ɗauke ni da mugun hannu."

"Ni da nake addu'a kullum wani ya zo ya ɗauka?"

"To ƙara ma rezon ƙarhi."

"Rezo ba nawa ba ne."

"Mi ka koyo Yamai to? Cin shinkahwa? A gaya ma mutanen ƙauye su hau tudu in za su sayi cukuna. Cukun ya isa a hau mishi tudu."

"Kaka, saurara. Rezon ƙauye jaki ne ramamme. Kin hau shi ke da sarƙarki, kin ɗora mai kalangu, kin ɗora hotunan cuku kowanne kamar ƙyauren gareji. Sannan kin ce ba wanda zai sauka sai kin fara sauka. Jakin ya durƙusa a hanya, mai saye kuma yana tsaye forfe ɗinsa na ƙonewa. Ba ya zagin ki, ba ya sallama, yatsa kawai yake sawa ya tafi shagon wata."

"Wata? Wace wata?"

"Duk wadda shafinta ya riga buɗewa."

"Ko da cukunta na da tsami?"

"Ko da na bara ne."

Wannan ta fi zancen ciwon yi mata zafi. Ta koma tsakar gida, ta zauna a kujerarta 'yar tsugune, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai shirin yanke shari'a.

"Na yanke hukunci. A sauke ni daga jakin. Amma ka sani, ni na ce a sauke ni. Kuma tun bara na so in hwaɗa maka bidiyon ga nauyi gare shi, na bar ka ne ka koyi hankali."

"Allah ya saka da alheri. Na koya."

"Gaisuwar kuwa ba a zubar da ita. Ban haihi marasa gaisuwa ba, ba ni kuma sayar ma mutane kaya awa ɓarauniya."

"Tana nan. Sannu da zuwa a rubuce a sama, gajere. Bidiyonki kuma ya koma ƙasa, ya yi shiru, sai wanda ya taɓa shi."

Ya shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, ya buɗe kwamfuta. Ita kuma ta jawo kujera ta zauna a kansa, tana kallon allon kamar ta san abin da ke ciki. Ya fara da mai kalangu, ya sallame shi. Ya cire wasu taurari masu ƙyalƙyali da ta sa aka zuba a gefen sunanta. Sannan ya shiga hotuna yana matse su ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya! Mi kake ma cukuna?"

"Nauyi nake rage masa."

"Ka rage mini cuku? A ce Kadidiya ta hwara tauye ma mutane kaya da tsuhwanta?"

"Hoton ne. Dubi, girmansa na nan yadda yake, har zanen tabarmar da aka shanya shi a kai ana gani. Nauyin kawai ya tafi."

"Girma ba nauyi?" Ta dube shi sama da ƙasa. "To ai kai ke nan. Ci gaba, ka san aikin daga gida."

Ya haɗiye, ya ci gaba. Ya shirya shafin yadda cuku da farashinsa za su fara fitowa, sauran kaya kuma su jira sai mai saye ya gangaro wajensu.

"Wannan dabarata ce ka sata," in ji ta. "Ni ba ni kwance buhun yaji sai an tambayi yaji."

"Kuma wanda ya taɓa shigowa, wayarsa za ta ajiye hotunan. Gobe in ya dawo ba sai ta sake ɗebo su daga nesa ba."

"Randa ke nan. Shekara nawa ubanka ya yi shina biyan kuɗin karatunka lakkwal don a koya maka randa? Da ya kawo ka nan, da na koya maka da ludayi."

Kafin azahar ya rufe kwamfutar. Ya san in abin ya ƙi, har jikokinsa sai sun ji labari. Suka koma bayan garke. Wannan karon ita ta karɓi wayar, ta riƙe ta nesa da fuska kamar mai tsoron ta tofa mata miyau.

"Taɓa nan," ya ce.

"Bismilla..."

Ba ta ƙarasa ba, ga cuku jere fari tas, ga farashi, ga sunanta a sama.

"Kai! Ya riga ni!"

"Gangara ƙasa."

Ta ja da yatsa. Yaji ya fito ja wur. Ta rufe, ta sake buɗewa. Ta matsa can ƙuryar da ko kira ba ya shiga, ta tsuguna, ta sake gwadawa don ta kama shi da ƙarya. Ya buɗe. Attahir ya tura gilashinsa sama, ya harɗe hannu, ya ji kansa ya yi tsawon da bai taɓa yi ba a gidan nan.

Kaka ta miƙe ta leƙa ta kan katanga, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

"Azumi! Ke Azumi! Zo ki ga shagon da ke buɗewa kahin a yi bismilla! Jikana ya yi shi, da hannunshi, nan bisa tabarmata! Duk Adar a nemo mini mai irinshi!" Sai ta tuna yana tsaye a bayanta, ta ƙara da cewa, "Ni na nuna mishi yadda za shi yi, shi dai ya danna."

Suna komawa inuwa wayar ta yi ƙara. Saƙon wani ne daga Abijan, yana son cuku da yaji a kai wa mahaifiyarsa Affala kafin salla. Ba a jima ba ta sake yin ƙara. Kaka ta ce a karanta mata a hankali, ta ce a maimaita, tana gyaɗa kai kamar dama ta san za su zo. Sai kuma fuskarta ta sauya.

"Su waɗanga, sun gaishe ni?"

"Sun sayi cuku."

"Ban tambaye ka cuku ba. Sun gangara ƙasa sun taɓa ni?"

Ya duba. "Ko ɗaya."

"Ka gani! Ka binne ni ƙarƙashin yaji. Mace kamata, da sarƙa da lalle, tana can ƙasa zaune ita kaɗai awa wadda anka manta tasha. Maido ni sama. Ko rabi-rabi: ni da cuku mu hito tare."

"Ba za a yi ba."

"Ni ce mai shago!"

"Ni ne mai gida. Kuma da gangan na ajiye ki can. Wanda ya tsaya a sama, mai saye ne, a ba shi cuku ya tafi. Amma duk wanda ya wuce cuku, ya wuce yaji, ya ƙona forfe ɗinsa don kawai ya ga fuskar nan, wannan ba ciniki ya kawo shi ba, Kaka, manemi ne. Ran da ya bayyana ki turo mini shi. Zan sallama masa ke a take, in haɗa masa da buhun yaji, in biya masa kuɗin mota, in kuma bi shi har tasha ina ba shi haƙuri."

Ta buɗe baki za ta rama. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana dukan cinya, hawaye na bin kumatu. Ta miƙa hannu cikin kwando, ta zaɓo cuku mafi kauri, ta jefa masa a ƙirji.

"Karɓi, ja'iri. Ci ka yi nauyi."