Ranar da Na Yi wa Akuya Waƙa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muciya ta tona mini asiri a Argungu ba. Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yi jihar Kebbi ba tukuna, ina ɗanyar amarya, an kai ni daga Nasarawar Birnin Kebbi.

Kafin a kai ni, gwaggona ta ja mini kunne: a gidan miji, kada uwar miji ta ji muryata sai da dalili. Na kuwa riƙe da hannu biyu. Duk abin da Inna, uwar mijina, ta ce, sai in sunkuyar da kai in ce “to”. Har na yi suna a unguwa, wai amarya mai kunya. (Ni da ake ce wa Rediyo a makaranta!)

Abin da ba su sani ba, akwai waƙar wata Baturiyar Amurka mai kiɗan jita da na haddace a kaset. Cikin waƙoƙinta na farko ce, tun muryarta na siririya. Saurayinta ya hau jirgin ƙasa ya bar ta, shi ne take jan murya kamar za ta shiɗe. Ina son waƙar nan kamar raina.

Ran nan maza sun tafi fadama yankan shinkafa, na kuma ga Inna ta ɗauki mayafi. Gida tsit. Ina cikin tuƙa tuwo waƙar ta taso mini. Na zare muciya, na rungume ta kamar jita, na karkace kai, na saki murya. Da na zo wurin kukan har da durƙusawa, ina miƙa wa akuyar gidan hannu, ita ce saurayin.

Sai ga Inna ta fito daga rumfar albasa a guje, ɓawo a kanta. Ashe ba ta je ko’ina ba.

“Innalillahi! Ɗiyata, wa yam mutu?”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tuwo na ɗiga a zanena, na ce, “Waƙa ce, Inna.”

Ta dube ni, ta dubi akuya, sai ta zauna daɓas tana dariya har da hawaye. Ni kuwa na ce shi ke nan, sunana ya ɓaci.

Da ta share ido ta ce, “Alhamdu lillahi. Tun da anka kawo ki ba ni kwana lahiya, cewa nike ba ki son gidanga. Ashe da baki gare ki! Sake muna ita.”

Na sake, tuwo na ƙonewa.

Shekaru muka yi tare, in mun zauna tsintar shinkafa sai ta ce, “Yi muna ta mutuwan nan.” Darasina dai: kafin ki rungumi muciya, leƙa rumfar albasa. Amma da na leƙa, da har yau “to” kawai Inna ta sani a bakina.